Wadda Ke Zaune Kan Katanga

Bhakrasar, bayan bikin Holi

Zuwa ga ɗana Tikam,

Ka daɗe a raye, Ubangiji ya tsare min kai a wannan Bombay taku. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Anchi da 'yar jaririyar da har yau ko hotonta ban gani ba. Ni lafiya ƙalau, in ka cire gwiwar hagu da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa duk sanda zan hau soro. Uwarka Phuli ta aiko daga Pali, ta ce tarin ya yi sauƙi. Akuyata ta haifi biyu.

Holi ya zo ya wuce. Na yi soye-soye, na ajiye maka rabonka a gwangwani har ya bushe, na ba Jethi maƙwabciyata ta jiƙa a shayi. Ni dai ban ce komai ba.

To ga labarin mutanenka, tunda kowace wasiƙarka layi biyu ne nawa, sauran duk na birai ne. Suna nan da baƙaƙen fuskokinsu da wutsiya a lanƙwashe bisa baya, ba abin da ya same su sai ƙiba. Alƙali, babban namijin nan, yana nan kan rufin haikali, hannu bisa gwiwa, yana kallon gari kamar an kawo masa ƙara. Gari na wayewa ya yi wannan “hup! hup!” ɗin nasa, tuddai su amsa. Ran Talata, ranar ubangidansu, abin bautar nan mai siffar biri, mutane su kai musu gasasshen wake da gurasar gero suna ta sunkuyawa. Ran Laraba su hau sorona su kwashe papad, siririyar wainar waken nan da na shanya, kuma ko tsinke ba a ɗaga musu. Girdhari mai kula da haikali ya ce albarka ce suke kawo min. Na ce to ya shanya nasa ya samu albarkar.

An yi haihuwa a garken. Ɗan mitsitsi, gashi baƙi wuluk, fuska ja-ja, kunnuwa fato-fato. Abin da ya ɗaure min kai, tun ranar da aka haife shi bai zauna hannu ɗaya ba. Wannan ta karɓa ta shinshina, waccan ta fizge ta juya shi ta duba, 'yan matan garken ma layi suke yi. Tsohuwa, wadda haƙoranta suka zube, ita ta fi kowa riƙe shi. Mai Tabo a leɓe kuma tana biye da duk wadda ta ɗauka. Na tsaya ina neman gane wace ce uwar, har aka yi min gaba da rabin faranti ban sani ba. Haka 'ya'ya suke, Tikam. Kowa ya goya, kowa ya lasa, ranar da ƙafa ta yi ƙwari su tsallake katanga ba waiwaye.

Wani abu kuma, tuzuran nan da ba su da mata sun sauko daga dutse, suna kwana a ceɗiyar bakin tafki. Babbansu yana da yagaggen kunne. Zama yake yi yana kallon Alƙali yana cizon haƙora har kana jin ƙarar daga nesa. Kallon nan bai yi min ba.

Masinka,
Sugna


Bombay, ranar Lahadi

Masi-sa,

Ina taɓa ƙafafunki. Muna lafiya, Anchi na gaishe ki, jaririya ta fara dariya. Ki riƙa shafa wa gwiwar man ɗumi, ki rage hawa soron nan.

Anchi ce ta karanta min wasiƙarki a bayyane. Muna ta dariyar Girdhari, sai ta zo kan maganar tsallake katanga ta ɗago ta dube ni. Na gane da wa kike, Masi-sa. Na san a gidanki na yi rarrafe, na san ba ki haife ni ba, masi ce ke, 'yar'uwar uwa, kaka ɗaya kawai kuka haɗa da uwata, amma kika riƙe ni. Sai dai ba mantuwa ce ta hana ni zuwa Holi ba. Mai shagon yadin da nake wa aiki ya ce duk wanda ya tafi kada ya dawo. Da kin faɗa min kai tsaye da ya fi min sauƙi, da ki bi ta kan birai. Maganar ta yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Duk da haka labarin ɗan birin ya hana ni sukuni. A nan ba ma ganin irin namu, sai hankaki da ɓera. Rannan a bakin teku na ga wani ya ɗaure jan biri da sarƙa yana sa shi rawa, raina ya ɓaci na bar wurin.

Don haka ki duba min. Uwar ba ta jin haushi idan aka karɓe shi? Roƙa suke yi ko fizgewa? Na tuna ina yaro, a kan soronki, na ga wata ta gaji da riƙon jariri ta ture shi da ƙafa ta ci gaba da cin magarya, yana ta tsala ihu, sai ga wata ta taho a guje ta sure shi. A lokacin na zaci sata ce. Yanzu ina tunanin mai shi ce ta zo. Kuma me ya sa ake haifar su baƙaƙe, alhali iyayen toka-toka ne? Anchi ta ce wai don a riƙa ganinsu a tausaya musu. Ni ban sani ba.

Ɗanki, in har yanzu ɗanki ne,
Tikam


Bhakrasar, ranar Alhamis

Tikam,

Ka daɗe a raye. Lafiya lau nake. Da birai nake, wawan banza, ba da kai ba. In da kai nake sunanka zan rubuta da manyan baƙaƙe, ka san ni. Ajiye fushinka gefe, akwai abin da ya fi shi.

Tuzuran sun far wa garken ran Litinin da hantsi. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Kan rufi, kan darbejiya, kwano na ƙara, tukwane na faɗowa, Jethi na ihu tana tattara jikokinta. Alƙali ya yi abin da zai iya, daga baya muka gan shi ya nufi kwazazzabo da jini a kafaɗa. Yagaggen Kunne ya haye rufin haikali ya zauna daidai inda Alƙali ke zama. Ai ka san abin da sabon namiji ke yi wa jariran da ba nasa ba. Bai ɓata lokaci ba, ya nufi wadda ke riƙe da baƙin jaririn nan.

Tsohuwa ce ke riƙe da shi. Ta yi tsalle daga rufin makaranta, ta kama wayar lantarki. Wayyo, Tikam, ƙarar da warin har yanzu suna kaina. Ta faɗo a mace. Shi kuwa ya suɓuce ya faɗa kan tarin harawar Jethi, ko ƙwarzane bai yi ba.

Gari ya yi mata jana'iza irin ta mutum, yadda aka saba. Mu mata muka wanke ta, aka naɗe ta da jan yadi, aka zuba furanni, maza suka ɗauke ta a makara da ganga har gindin dutse. Girdhari ya yi jawabi, ya ce uwa ce da ta ba da ranta saboda ɗanta. Maza duka suka aske kai ƙwal, har da Hukma mai shayi da ba shi da gashin askewa. Sun ce za a gina ɗan dakali a kan kabarin.

Sai maganar maraya. Girdhari ya ɗaura masa jan zare a hannu, ya ce ɗan haikali ne yanzu, in ya girma a can zai zauna. Aka ce wa ke da akuya mai nono? Kowa ya juyo yana kallona. Ni! Ni da na yi shekaru ina faɗa da dangin uwarsa a kan papad. Na ce ba ruwana, Jethi ta ajiye min shi a cinya, ya damƙe bakin mayafina da 'yan yatsun nan, shi ke nan.

Na sa masa suna Kalu saboda baƙinsa. Da auduga nake ɗiga masa nono. A ƙirjina yake kwana, in zan yi girki sai na ɗaure shi da zani, in ba haka ba ihu. Ba zan yi maka ƙarya ba, rabon da gidan nan ya yi min daɗi haka tun kana ƙarami. Sai dai nonon akuyar bai karɓe shi ba, cikinsa na ta zawo, kuma ya fi jiya sauƙin ɗauka.

Akwai kuma wata masifar. Mai Tabo ta tare a kan katangata. Garken duk sun koma bakin tafki tare da sabon maigidansu, ita tana nan. Ba ta satar komai, na shanya papad a gabanta ko kallo bai ishe ta ba. Ƙofar ɗakina kawai take kallo tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Girdhari ya ce 'yar aiken Yagaggen Kunne ce, in rufe taga. Na rufe.

Masinka,
Sugna


Bombay, ranar Litinin

Masi-sa,

Ina taɓa ƙafafunki, ki yafe min wautata. Anchi ta ce dama ta faɗa min, ban ji ba. Muna lafiya. A tsaye nake rubuta wannan a bayan shago don ta kama jirgin yau.

Na karanta wasiƙarki, na koma na ɗauko ta farkon. Ke da kanki kika rubuta cewa ɗan birin nan hannu zuwa hannu yake yawo, har kika kasa gane uwarsa. To ta yaya gari ya gane? Don an gan shi a hannun Tsohuwa ranar da ta mutu? Ai a wurinmu mace in ta gudu da jariri a ƙirji kowa zai ce uwarsa ce, amma su ba haka suke ba. Ku kuka wanke ta. Da nono a jikinta? Wadda haƙoranta suka zube tana haihuwa kuwa?

Ki buɗe tagar nan, Masi-sa, ki dubi ƙirjin Mai Tabo. Birin da ya ga papad ya ƙi taɓawa, ba aike aka yi masa ba.

In abin da nake zato ne, ban san me zan ce ki yi ba. In kin riƙe shi, ga zawo. In kin mayar, ga Yagaggen Kunne. Kuma na ji yadda kika rubuta sunansa, na san ba birin haikali ba ne a wurinki. Ni dai tambaya na yi. Ki rubuto da wuri.

Ɗanki,
Tikam


Bhakrasar, ranar Asabar

Tikam,

Ka daɗe a raye, kai da bakinka mai tambaya. Lafiyata lau, in ana kiran wannan lafiya.

Wasiƙarka ta same ni ina wanke tsummansa. Na karanta, na ji haushinka sosai, na ce yaro yana can yana auna yadi zai koya min birai. Sai na zauna na tuna wankan. Ƙirjin Tsohuwa a bushe yake kamar tsohuwar jakar fata. Da hannuna na goge shi, amma ana kuka ana ganga, wa ya tsaya tunani? Na buɗe taga. Mai Tabo na nan, ta rame, nonon ya kumbura har ya jiƙa mata gashin ciki. Kalu ya leƙo daga mayafina, suka haɗa ido, ta miƙe tsaye a kan katangar. Na ɗaure shi da zani a ƙirji.

Na tafi wurin Girdhari. Na same shi yana auna inda za a gina dakalin.

Na ce, “Girdhari-ji, ba uwarsa muka binne ba. Uwarsa na kan katangata.”

Ya ce, “Sugna, rana ta buge ki ne? Gari guda ya ga abin da ya faru.”

Na ce, “Gari guda ya ga wadda ke riƙe da shi. Zo ka ga wadda ke zubar da nono.”

Ya shafa ƙwaryar kansa ya rage murya. “Haba, Sugna. Mun aske kai saboda uwa. Har ƙauyukan maƙwabta an ji. Yanzu in fito in ce me?”

Na ce, “Ka ce kun aske saboda masi. Ko masi ba ta kai a yi mata aski ba?”

Hukma mai shayi ya tuntsire da dariya, Girdhari ya harare shi. Sai ya ce min, kuma a nan gaskiya ya faɗa, “In kin mayar, wancan ɗan iskan zai kashe shi, alhakin a wuyanki.” Na ce a hannuna ma mutuwa yake yi a hankali, na ɗaga masa shi ya ga haƙarƙari. Ya juya ya ci gaba da awonsa.

Washegari da safe na hau soro da shi, na sa Jethi ta tsare ƙofa kada yara su taru. Na zauna a ƙasa na kawar da kai, don birai ba sa son a zuba musu ido. Mai Tabo ta sauko, taku ɗaya ta tsaya, taku ɗaya ta tsaya. Shi kuma ja'irin ya ƙi sakina. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga mayafina, yana ihu yana neman komawa. Na ajiye shi na ja baya, hawaye na zuba, ban share ba.

Ta sure shi. Ta juya shi ƙasa a sama, ta shinshina ko'ina, warin akuya ya sa ta yi atishawa. Ta sa haƙori ta tsinke jan zaren Girdhari ta tofar. Sannan ta manna shi a ƙirji, ya lalubo ya kama, ya yi tsit. Ko sau ɗaya bai dube ni ba.

Daga rufin haikali Yagaggen Kunne ya miƙe. Na ɗauki sandar da nake korar akuya da ita, na tsaya a bakin soro ina zaginsa da duk zagin da na sani, a gaban haikali, kowa na ji. Kafin ya tsallako rufi biyu, Mai Tabo ta dire ta bayan gida. Ba tafki ta nufa ba, kwazazzabo ta yi, inda Alƙali ya bi, wasu mata biyu suka mara mata baya. Yagaggen Kunne ya bi su har bakin bagaruwa ya dawo shi kaɗai.

Iyakar abin da na sani ke nan. Rabin gari ba sa gaishe ni. Ɗakin ya yi min faɗi.

Sugna


Bombay, farkon damina

Masi-sa,

Ina taɓa ƙafafunki. Muna lafiya. Wannan ce ta uku da na aiko ba amsa. Ko hanya ce ruwa ya yanke, ko fushi kike da ni don ni na sa kika buɗe taga? In Kalu ya mutu ki faɗa min, zan iya ji. Shirun ne ba na iyawa.

Akwai kuma abin da nake son tambaya tun da na karanta yadda kika ɓamɓare yatsunsa. Ranar da uwata ta zo ɗaukata daga gidanki, yaya aka yi? Na tambaye ta, ta ce ke za ki faɗa.

Ɗanki,
Tikam


Bhakrasar, bayan ɗaukewar ruwa

Ɗana Tikam,

Ka daɗe a raye. Lafiya nake, gwiwa ce dai ta ƙi jinin damina. Duka ukun sun iso. Ba fushi ba ne, ba ni da abin rubutawa ne, kuma ban iya cika takarda da “ban sani ba”. Kullum sai na je bakin kwazazzabo da gurasa in dawo da abata.

Sun dawo ran Talatar da ta wuce. Ina shanya papad na ji dirar ƙafa a kan katanga, na ɗaga kai, Mai Tabo. Alƙali dai ba a sake ganinsa ba. Na duba ƙirjinta ban ga baƙin abu ba, na ɗauka ya mutu. Sai ga wani ɗan toka-toka mai baƙar fuska ya dirko daga darbejiya, ya hau bayanta, ya zamo, ya ja wutsiyarta. Tikam, ya canja riga! Da ba ta jawo shi ta ba shi nono ba, da ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba. Yagaggen Kunne yana rufin haikali yana kallo, bai motsa ba, amma ita ba ta yarda ta juya masa baya.

Na kira shi, “Kalu! Kalu!” Ya dube ni kamar yadda suke duban kowa, ya taho da gudu, na buɗe hannu. Ya wuce ni ya ɗauki papad guda ya tsallake katanga. Jethi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Girdhari ya gina dakalinsa, yanzu cewa yake tun farko shi ya san Tsohuwa masi ce.

Ka tambaye ni ranar da aka zo ɗaukarka. Damina biyu ka yi a wurina, uwarka tana asibitin masu tari, ba wanda ya zaci za ta tashi. Ni kake kira uwa. Ranar da ta tsaya a ƙofar nan, a rame, ka ɓuya a bayana ka damƙe zanina. Haka na ɓamɓare yatsunka, ɗaya bayan ɗaya. Kuna hawa amalanke ta sa maka dunƙulen sukari a baki, ka kwanta a jikinta, har kuka sha kwana ba ka waiwayo ba. Na yi kuka har na kasa cin abinci, kuma na yi murna, duk a rana ɗaya. Ban taɓa riƙe ka da wannan ba, ban kuma riƙe Kalu ba. Papad ɗin ne dai ban yafe ba.

Ka gaya wa mai shagonka bikin Diwali ya kusa, in ya hana ka ni zan rubuto masa. Ku taho da jaririyar. Anchi ta shirya, don hannu zuwa hannu 'yarta za ta yi ta yawo a garin nan, Jethi ma ta kama layi, amma ni ce ta farko. In ta yi kuka zan mayar mata.

Masinka,
Sugna